Kowa Ya Tuna Bara: Zancen Lalacewar Zamani a Bakin Iyakar Bagudo

Wata la'asar, tun kafin a cire tallafin mai, na zauna a rumfar wani mai shayi kusa da gadar Tuga, inda hanya ke tsallake Kwara ta miƙa Ka'oje da Tsamiya. Wani saurayi ya ci birki da Boxer ɗinsa, an jibga mata jarkoki har sirdi ya ɓace, igiyar roba ta shiga ta nan ta ɓullo ta can, shi kansa a kan tanki yake zaune kamar da shi aka cike kayan. Idonsa ja wur, leɓe a bushe. Ya ce a haɗa masa mai kauri, ko injin bai kashe ba. A kan bencin akwai wani dattijo da carbi a hannu. Ya ƙare wa yaron kallo tun daga silifas har askin kansa, sannan ya juyo gare ni, tun da ni ne baƙo, ni ya kamata a kai wa ƙara.

"Malam, ka gani ko? Wanga zamani ya ɓaci. Ɗiyan yanzu ba kumya, ba tsoron Allah. Da rana tsaka suka fito, kowa na kallo."

Saurayin bai ji haushi ba. Ya hura shayinsa ya ce, "Haba Baba, ai kai da bakinka kac ce muna kakanmu fito yay yi har yam mutu, kuma ba wanda yat taɓa ce mai ɓarawo."

Dattijon ya ce wancan fito daban, wannan daban. Ya yi gaskiya. Yaron ma bai yi ƙarya ba. A Hausar da muka gada, fito shi ne ƙetarar da mutum da kayansa a jirgi daga wannan gaɓa zuwa waccan, a biya mai jirgi ladansa, sana'a ce ta gado mai sarautarta da mutuncinta. Yau idan aka ce wane ɗan fito ne, an san buhun shinkafa ko jarkar fetur yake kewayawa da ita ta bayan shinge. Kogin yana nan inda yake, kalmar ma tana nan. Iyaka ce ta zo ta iske su.

Ba ta ma daɗe da zuwa ba. A 1894 Lugga, wanda daga baya ya zama gwamna, ya yi tseren isa Nikki da wani hafsan Faransa mai suna Decoeur, kowa na son ya riga ɗan'uwansa samun sa hannun sarkin Bargu. A ranar 14 ga Yuni 1898 aka zauna a Paris aka raba gardama da alƙalami: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Waɗannan garuruwa uku kuwa, a tarihin da mutanensu ke bayarwa, tsatso ɗaya suke, duk daga Kisra suke jawo asalinsu. Kafin wannan zama, Illo mashiga ce ta fataken Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina, ya biyo ta Jega, ya tsallake Kwara a nan ko a Gaya, ya ratsa Bargu ta Jugu, har ya dangana da Salga. Madugu na riƙe da tafiya, jagaba a gaba, uban dawaki na shiga fada yana daidaita abin da za a biya kowane sarki. Jakuna su tafi da kanwa da baƙin rini da fatu, su komo da goro. A lokacin, wanda ya iya ratsa ƙasashe biyar da kaya ya dawo lafiya, waƙa ake yi masa.

Jikan wannan bafatake shi ne aka wayi gari ana kira ɗan sumoga. Kuma ko a tsawon rayuwar yaron mai Boxer, laifin nasa sau nawa ya sake kama? A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa na tudu. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin. A Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wato manomin Lolo ko Tsamiya da ya sayo jarka ɗaya don injin ban-ruwansa, shi ma ya shiga sahun waɗanda ake tuhuma, alhali gwamnatin ce ta ce masa ya noma shinkafa. A Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfun. Kamba, maƙwabciyar Bagudo, sai a Afrilun 2022. Sannan a ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin kwana biyu, ribar tsallakar da mai zuwa Benin, inda suke kiransa kpayo, ta yi ƙasa, jarkoki suka ragu a hanya. Wa zai ce a ranar nan samarin Bagudo suka kwana fasiƙai suka tashi salihai? Farashi ne ya canza.

Kada a ɗauka wanke 'yan fito nake yi. Buhun 'yar waje da ya sauka a tashar jiragen Kwatano ya biyo ta Kandi da Sagbana, a wuyan manomin fadama yake sauka, wanda ya ci bashi a shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya zuba taki da fetur, ya zo sayar da shanshera ya iske kasuwa ta faɗi. Hanyar da buhu ya bi, ita ƙwaya ke bi, ita bindiga ke bi. Kuma ɗari biyar ɗin da ake dunƙulewa a miƙa a kowane shinge tana koya wa yaro darasin da babu makarantar da za ta iya goge shi: cewa doka abar ciniki ce. Abin da nake cewa kawai shi ne, kaso mai yawa na abin da muke kira lalacewar tarbiyya a bakin iyaka, sauyin doka ne da sauyin farashi aka sa wa rigar ɗabi'a. Idan aka tsame wannan kason gefe, sai a ga abin da ya rage, shi ne kuma abin tattaunawa.

Sai mu koma kan kukan da kansa. Yaushe aka fara cewa zamani ya ɓaci? Bagudo ƙasar Gwandu ce, don haka ba sai mun je nesa neman shaida ba. An fara jihadi a 1804. Shekara uku kacal bayan haka, a 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya juya wa rundunar baya ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, saboda abin da ya ga jama'a sun koma: neman mulki, tara ƙwaraƙwarai, kwalliyar tufafi da dawakai, da watsi da abin da aka fito dominsa. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam, daga baya ya zayyana damuwar tasa a Tazyinul Waraƙat. A lura, mutanen da yake kuka da su ba jikoki ba ne, ba tattaɓa-kunne ba. Su ne waɗanda suka yi hijira zuwa Gudu, suka ga Shehu ido da ido. Zamanin da mu yau muke ɗaga hannu muna nunawa a matsayin ma'auni, ɗaya daga cikin manyan da suka gina shi ya so ya guje masa.

Shehu kansa, a Kitabul Farƙ, ya lissafa abubuwan da yake ganin zalunci ne na sarakunan Hausa, a ciki har da jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Jangali bai mutu ba. Ya rayu a ƙarƙashin sarakunan da suka biyo baya, Turawa suka zo suka gyara masa zama da rasit, sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka yi shelar soke shi tare da haraji. Gaisuwa kuwa, kowa ya san inda take kwana har gobe. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja sun cika waƙoƙinsu da kukan karuwanci da giya da lalaci. Wannan fa shi ne zamanin ƙuruciyar iyayen dattijon mai carbi, zamanin da yake cewa kowa na da kunya.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A 2023 wasu masana biyu na Amurka, Adam Mastroianni da Daniel Gilbert, suka wallafa bincike a mujallar Nature, bayan sun tattara amsoshin da miliyoyin mutane suka bayar cikin kimanin shekara 70, a ƙasashe aƙalla 60. Kusan ko'ina, kuma a kowace shekara, mutane na cewa kirki ya ragu. Amma idan aka tambaye su abin da ya same su da kansu, ko an mutunta su jiya, ko sun taimaki baƙo a watan nan, amsar ba ta sauya ba tsawon shekarun. Abin dariyar ma, yawanci mutum kan ɗora farkon lalacewar a daidai lokacin da aka haife shi, kuma yakan cire mutanen da ya sani daga ciki. Dalili biyu suka kawo: mugun labari ya fi gudu, sannan zafin abin da ya wuce yana saurin hucewa a zuciya fiye da daɗinsa. Bahaushe ya riga su da jimla guda, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Yau kuma da waya a kowane aljihu, kisan da aka yi a wani ƙauyen da ba ka taɓa jin sunansa ba, kafin ka idar da sallar asuba ya iso maka da hotonsa. Kakanka sai labarin ya yi wata a hanya, idan ma ya iso.

Na san wani malami zai ɗaga yatsa a nan, ya tuna mini hadisan da suka nuna fifikon mutanen farko da kuma taɓarɓarewar al'amura gabanin tashin Alƙiyama. Ban musa ba. Sai dai a cikin littattafan nan dai akwai gargaɗi ga mai yawan yanke wa jama'a hukuncin halaka, akwai kuma albishir na mai jaddada addini a kan kowace shekara ɗari. Wanda ya haɗa su duka zai ga hawa da sauka ne, kuma babu inda aka ce shekarar 1960 ta fi 2020 tsarki a garin Illo. Wannan mu muka ƙara da kanmu.

Yanzu ga abin da ba a son a taɓo a rumfar mai shayi. Ayarin nan na Gwanja da muke wa kirari, ba kanwa da goro kaɗai yake ɗauka ba. A wancan lokaci, Salga babbar kasuwar bayi ce. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa a wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a daular Sakkwato. Mutum yakan yi alwala, ya yi sallar walha, ya shiga kasuwa ya buɗe bakin yarinya ya duba haƙoranta, a yi ciniki, dillali ya karɓi la'adarsa, a yi addu'ar Allah ya sa albarka. Ba a ɓoye ake yi ba, kuma ba mutanen banza ke yi ba. Tun a wajen 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi rubutu yana hana a bautar da mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai saboda Musulmi ne, wanda ci gaba ne a zamaninsa. Amma a jerin waɗanda bai ba su wannan kariya ba akwai mutanen Busa. Ke nan, a wannan ƙasa da Bagudo take, an taɓa yin wata iyaka da ta fi ta Turawa kaifi, tsakanin wanda ake iya saya da wanda ba a iya saya, kuma jikokin ɓangarorin biyu yau sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a.

A wasu sassan Bargu, jaririn da haƙoransa na sama suka riga na ƙasa fitowa, ko wanda ya zo da ƙafa, ana ɗaukarsa mugun abu. Wani a halaka shi, wani a miƙa wa Fulani su raine shi ya tashi cikin Gando, masu yi musu bauta. Uwar da ta miƙa ɗanta ba muguwa ba ce a idon garinsu, mai bin al'ada ce. Mu ma Hausawa muna da namu: tsohuwar da aka laƙa wa maita, kuturun da aka kai bayan gari, yarinyar da aka aurar tun ƙugunta bai yi ƙwari ba, ta gamu da yoyon fitsari wajen haihuwa, mijin ya sako ta, kowa ya ce ƙaddara.

Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. A tsakani, bayi da yawa da guminsu suka fanshi kansu ta hanyar murgu. Ba don son Allah kaɗai Turawa suka yi ba, kuma ba su ne suka fara koya mana falalar 'yanta wuya ba. Har yau ma tabon bai goge ba, je ka neman aure a wasu gidaje ka ji irin binciken asalin da ake yi a bayan fage. Duk da haka, yau babu limamin da zai hau mumbari a Bagudo ko Zagga ya halatta a kafa rumfar sayar da mutane a kasuwar gari. Idan wannan ba ci gaba ba ne a ɗabi'a, to kalmar ba ta da amfani. Masu cewa ɗabi'a sauyawa kawai take yi kamar yayin ɗinki, babu gaba babu baya, su je su faɗa wa wadda aka duba wa haƙora.

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya tsamo halaye goma daga bakin Hausawa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Dattijon Tuga zai sa hannu a kan wannan jeri, yaron ma zai sa, madugun Gwanja ma da zai sa. Halayen ba su sauya suna ba. Tambayar ita ce, wa ake bin bashin waɗannan halaye? Madugu yana riƙe amanar ɗan ayarinsa har ya ba da ransa, amma wanda ke cikin mari a bayan ayarin ba ya cikin lissafi. Kirkin mutanen da mai kauri ne, sai dai shingensa ƙarami. Namu shingen ya faɗaɗa, ya ɗauki bare da mace da ɗan wata ƙabila, amma ya yi ruwa-ruwa.

A nan ne dattijon yake da gaskiyar da ba zan ƙwace masa ba, don akwai abin da aka rasa da gaske. Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga yadda ake sayar da garken shanu bashi ga mahauta babu takarda, babu lauya, maigida ne kawai ya tsaya a tsakani da sunansa. Haka goro ke tahowa arewa. Na tabbata a cikin waɗancan mutane akwai masu tsoron Allah ƙwarai. Amma tsarin bai dogara da wannan kaɗai ba. Wanda ya ci amana a zango ɗaya, kafin ya isa na gaba labari ya riga shi. Ba masauki, ba mai tsaya masa, ba mai ba shi 'ya. Duniyarsa ƙarama ce, kuma duk ido ne. Kunya tana aiki ne inda aka san ka, aka san ubanka, kuma ba ka da wurin gudu.

Ni kaina na ga yadda wannan ya warware. Wani mai shago da na sani ya ɗora wa wani baƙo buhuna a mota, baƙon ya nuna masa waya, ga saƙon kuɗi ya fita, har wayar mai shagon ta yi ƙara. Sai da yamma da ya je cire kuɗi a wajen mai POS ya gane alat ɗin na bogi ne. Ya kira lambar, a kashe. Layin yana cikin wani kwata. Mai shagon bai san garin mutumin ba, bai san maigidansa ba, don ba shi da maigida. Ba na jin zuciyar wannan macuci ta fi ta ɓarayin da suka riƙa tare fatake a dazukan Bargu baƙi. Bambancin shi ne ya sami duhu da rana tsaka. Tsohon mai gadi, wato idon jama'a, ya tsufa, sabon da aka ce zai gaje shi, wato kotu da ɗan sanda, bai kama aiki sosai ba. A wannan tsakanin muke zaune.

Jan idon yaron mai Boxer ma ba na ƙura kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tramadol da makamantansa. A shekarar ne aka hana maganin tari mai kodin. Wanda zai yi sawu uku cikin dare a kan hanyar daji da nauyin da ya fi na jaki biyu, da abin da yake riƙe shi. Wannan sabuwar masifa ce, kakanninmu ba su san ta ba, kuma ba don sun fi mu ƙarfin hali ba ne kawai, ba a kawo musu ita a kwali kan naira ɗari ba.

Sai kuma mafi muni. Kalmar fansa, wadda muka zaci ta tafi tare da murgu, ta dawo bakin kowa. Ana sace mutum a gonarsa, a yi cinikinsa ta waya, a tara kuɗi a masallaci a kai daji. Mai neman hujjar cewa mun koma baya, ga ta nan, kuma ba ƙarama ba ce. Amma a dubi inda ake yin cinikin. A daji ne, fuska a rufe. Babu sarkin kasuwar da ke karɓar rabonsa a fili, babu alƙalin da zai rubuta shaidar mallaka, kuma uwar ɗan bindigar ba ta iya faɗin sana'ar ɗanta a gidan biki. Aikin ya dawo, halaccinsa bai dawo ba. A ganina a nan ne yawancin gardamar take cakuɗewa, muna haɗa mudu da hatsi. Hatsi, wato abin da mutane ke aikatawa, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina: tsaro, yunwa, farashi, ko akwai hukunci ko babu. Mudu kuwa, abin da muke aunawa da shi mu ce wannan zalunci ne, ya ƙara girma a kan na kakanninmu. Wanda ya zuba hatsin bara a babban mudu dole ya ga kamar an yi masa sata. Wani ɓangare na baƙin cikinmu da zamani daga nan yake, abubuwan da suke tayar mana da hankali yau, da can ko juyowa ba a yi a dube su.

Da zancen ya tsaya a rumfar shayi, da sai in ce a bar tsofaffi su yi ta yi, haƙƙinsu ne, mu ma muna tafe. Amma yanzu akwai masu sayar da wannan kuka da bakin bindiga. Lakurawa, waɗanda rundunar tsaron Najeriya ta bayyana sunansu a fili a Nuwamban 2024, sun fara samun gindin zama ne a Tangaza da Gudu ta jihar Sakkwato a matsayin masu korar ɓarayin shanu. Daga nan suka koma masu gyaran tarbiyya: bulala kan aski, bulala kan kiɗa a waya, karɓar shanu da sunan zakka. A Nuwamban 2024 ɗin suka kashe mutum 15 a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie. A tsallaken iyaka, a arewacin Benin, mayaƙan ƙungiyar JNIM mai iƙirarin jihadi sun kashe sojoji 54 a rana ɗaya a Afrilun 2025, a yankin gandun dajin W. Ƙofar da irin waɗannan ke shigowa ta cikinta, ita ce jimlar dattijon nan: zamani ya ɓaci, yara sun fi ƙarfinmu, hukuma ta kasa. Duk wanda ya gaskata cewa an taɓa yin wani lokaci mara aibi, kuma askin samari ne ya raba mu da shi, ya yi rabin hanyar karɓar mai bulala. Malam Abdullahi da ya ga ɓarna, littafi ya zauna ya rubuta wa masu mulki kan iyakar ikonsu. Da mahukunta ya fara.

Mu koma kan fito. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, manyan motoci suka yi layi na kilomitoci, albasa ta ruɓe a cikinsu. Sai ga kwale-kwale sun dawo bakin aiki, suna tsallakar da mata da jarirai da buhuna da babura, kamar yadda ake yi kafin a san siminti. Fito na asali ke nan, a kan ruwa, kuma a lokaci guda fito na zamani, tun da a takarda iyakar a rufe take. Masu jirgin ba su tsaya tambayar wanne ne daga ciki ba.

A ranar nan ta Tuga, kafin yaron ya gama shayinsa wayarsa ta yi ƙara. Na ji yana cewa kuɗin suna hannunsa, sefa ce, zai kai wa matar mutumin kafin magariba, ko dala ba za ta yi ciwon kai ba. Babu takarda, babu shaida. Ya ajiye kofi, ya biya nasa ya biya na dattijon, ya rusuna ya ce, "Baba, sai na komo." Har ya ɗaga ƙafa zai ba babur wuta, dattijon ya yafito shi da carbi, ya rage murya, amma ba ta yi ƙasan da zan kasa ji ba.

"In ka tsallaka, ka taho man da buhu guda na 'yar waje. Jibi ad da sunan jikata."